Yakura da Tudun Mangawa

Wanda ya shiga kasuwar Gure ta wajen masu kanwa zai ga wata dattijuwa doguwa, da kitso irin na Mangawa, zaune a bayan faifan albasa da busasshen dabino. Ba ta kiran ciniki. Yara suna ce mata Yakura ta Teku, ita kuwa ba ta amsawa, ba ta kuma hana su. Ni na zo da ita garin nan a kakar bana, shekara ta talatin da bakwai a lissafin Nasara, kuma tun daga ranar mutane ke tare ni a hanya suna tambayar abin da ya same ta. In na buɗe baki sai harshena ya sarƙe. Ina koyar da yara a lakwal, makarantar boko, amma in iska ta shiga dabinon kwari ta yi wannan gunji nata, sai in ajiye alli, in koma jin ƙarar teku. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na samu sauƙi.

An haifi Yakura a wani kwari kusa da Gidigir, ta tashi a kan tsarin da dukanmu muka tashi a kai: ruwa a kwari, mutum a tudu. Garka, wato lambu, da rijiya da dabino suna ƙasa, gida da rumbu da maƙabarta suna sama. Ba a binne mutum a kwari, don damina za ta tono shi. Ta auri wani mai haƙar rijiya ɗan Gure, sunansa Illa, ko da yake ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai ta ce "mai gidan". Ba su daɗe da aure ba yunwar Kakalaba ta sauka. Da gero ya ƙare, aka soma haƙar gidan tururuwa, sai suka bi fataken kanwa suka yi kudu. Suka yi rani a Kano, suka yi damina a Ilori, suka taɓa Ikko, ko'ina ba a zauna ba, har ƙafa ta kai su Kwatano a ƙasar Dahome, inda ƙasa ta ƙare, teku ta fara.

A Zango, unguwar ƴan arewa, gidaje sun cika. Mai masauki ya ba su wani lungu kusa da turken awaki. Illa ya kama dako a waf, wato doguwar gadar ƙarfe da aka miƙa cikin teku saboda manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa. A kanta ake tura tano-tano, wato gangunan manja, da buhunan ƙwara, inji mai ƙugiya ya sauke su cikin kwale-kwale, masu tuƙi su kai wa jirgi.

Yakura ta ba ni labarin ranar da unguwarsu ta samo asali. Ta ce, "Ya dawo daga aiki yana dariya kamar wanda aka yi wa bushara. Ya ce, 'Ke, naɗe tabarma, na ga Gidigir.' Na ce, 'Mai gida, rana ta buge ka, zauna in jiƙa maka gari.' Ya ce, 'Wallahi Gidigir ce, dabino kawai aka manta.'"

Abin da ya gani wani dogon tudun yashi ne gabas da waf, teku a gabansa, babban tabki a bayansa, ba kowa a kai sai masunta da ke shanya taru a gindi. Illa ya zagaya ta wajen tabki, ya duba ciyawa, ya haƙa rami kamar yadda ake yi a kwari, sai ga ruwan daɗi ya tsattsafo, a wurin da kowa ke cewa gishiri ne. Masunta suka taru suka ɗanɗana, suka yi mamaki. Amma da suka ga yana kafa bukka a ƙoli, wani tsoho a cikinsu ya kaɗa kai, ya ce da ƴar Hausar da ya iya, "Wannan yashi baƙo ne. Yau yana nan, gobe ya tafi."

Illa ya ce, "Baba, mu za a koya wa yashi? A cikinsa aka binne cibiyarmu. Namu ma yana tafiya, mu ke tsayar da shi."

Rijiyar ce ta tara mutane. Ƴan dako suka soma zuwa sha, wasu suka ce su ma a ba su wurin bukka. Duk wanda ya fito daga Manga ko Damagaram, in ya sauka a Zango ya ji takura, sai a ce masa ya tafi Tudun Mangawa, can danginsa suke. Bayan yaƙin Jamus, sojojin da aka sallama suka sauka daga jirgi, waɗansu kunyar komawa gida hannu wofi ta hana su wucewa, suka zauna. A cikinsu akwai wani Babarbare daga wajen Kelle mai ɗan karatu, Malam Aisami, shi ya zama liman. Masallacinsu da katakon wani kwale-kwale da ya fashe aka yi shi, har in ka yi sujada kana jin ƙarnin kifi. Yakura ta kafa murhu tana tuƙa tuwon masara, tunda gero ba ya zuwa sai jefi-jefi, tana sayar wa ƴan dako da miyar kuka. A bakin murhunta ake jin Barbarci da Hausa da yaren masunta a zama ɗaya. Wanda ya rasa aiki yana ci, wanda zazzaɓi ya kayar a bukkarta yake jinya.

Da aka soma mutuwa, ba wanda ya tsaya shawara. Aka hau can ƙolin tudu ta fuskar teku, inda yashi ya fi bushewa, aka yi maƙabarta. Ta farko da aka kai ita ce ƴar Yakura, Biba, wadda ta rasu a yaye, kuma ba ta sake haihuwa ba. Illa ya shuka kwakwa a gefen kabarin, tunda ya gwada ƙwallon dabino ya ƙi. Shekaru suka shuɗe, kwakwar ta yi tsawo har tana ƴaƴa. Wata rana igiya ta tsinke a waf, tano na manja ya mirgino ya danne Illa. Kafin la'asar an binne shi kusa da ƴarsa. Da ta gama takaba, Yakura ta fasa randarta, ta kai tsingaron ta kafa a wajen kansa. Tun daga nan, duk Juma'a in maza sun tafi masallaci, sai ta hau ta share wurin. Da fari an yi ta magana, wai mace ba ta zuwa maƙabarta, daga baya aka gaji aka bar ta.

Masu neman aurenta sun zo sun koma. Fatake masu komawa arewa sun sha cewa ta biyo su, har da mai yi mata tayin jaki. Amsarta ɗaya ce: "In na tafi, wa zai san inda suke kwance?"

Ni kuwa a daminar bana na san ta. Na gama karatu a Dakar, jirgi ya sauke ni a Kwatano, aka ɗaga mu cikin kwando da ƙugiya aka dire a kan waf kamar buhun ƙwara. Aka ce ruwa ya karya gadoji a hanyar arewa, sai na jira. Wani ɗan dako ya ji Hausata, ya ɗauki akwatina ya kai ni gaban murhun Yakura. Ta dubi hular kwanona, ta dubi takalmana, ta kira ni yadda ake kiran Nasara, ta ce, "Mushe, ɗan gidan wa?"

Na ce, "Inna, sunana Hamidu, jikan Barmo mai kanwa na Gure."

"Barmo da jakinsa ya cije shi a kasuwa?"

"Shi ne."

"To cire wannan tukunyar daga kanka ka zauna. Kakanka bai taɓa cin tuwo da takalmi ba."

A lokacin teku ta riga ta fara cin tudun. Tsofaffin unguwa sun ce da can in ka tashi daga maƙabarta za ka bakin ruwa sai ka yi tafiya har ƙafa ta yi zafi, amma da na zo jifa ɗaya ne tsakani. Masunta sun kwashe kwale-kwalensu sun koma cikin tabki. Yakura ba ta zauna ba. Ta bi bukka-bukka ta tayar da kowa, aka yi ta saro ganyen kwakwa ana kafa shinge a gaban maƙabarta, layi bayan layi, daidai yadda muke yi da zarɓa da kaba in tudu ya taso zai binne garka. Ita ke nuna wa samari zurfin rami da yadda ake saƙa ganyen. Ni ma na tuɓe riga na shiga. Na ga teku a Dakar, na karanta ta a littafi, amma ni ma ɗan kwari ne, na ga ana tsayar da tudu da shinge tun ina yaro, ban ga dalilin da zai hana wannan tsayawa ba.

Kuma da fari kamar ya yi. Iska ta riƙa tara yashi a jikin shingen har ya soma nutsewa. Yakura ta kira wani masunci da ke wucewa, wanda ubansa ne tsohon nan da ya gargaɗi mijinta, ta ce, "Kai, mai wari, zo ka ga aikin Mangawa! Je ka faɗa wa uwarku teku ta nemi wani wurin."

Mutumin ya yi dariya, ya ce, "Mama, iska ce ta kawo miki, ruwa bai zo karɓa ba tukuna."

Ranar da ya zo, babu hadari, babu iska. Hantsi ne, rana tana haske, ina zaune ina shan kunu. Abin da na fara lura da shi, ƙarar teku ta sauya, ta yi nauyi, kana jin ta a ƙirji kafin ka ji ta a kunne. Sai wata mata ta ƙwala salati daga sama. Muka ruga. Raƙuman ruwa ne ke tasowa daga nesa, dogaye, ba gaggawa, ɗaya na bin ɗaya. Na farkon da na gani da idona ya shiga ƙarƙashin shingen, ya ɗaga shi duka, ya naɗe shi kamar tabarma, ya tafi da shi. Mu yashi ta sama muka san yana tafiya, hatsi-hatsi. Wannan ta ƙasa ake yankar sa. Ruwa ya ƙwaƙule gindin tudun, ya ja da baya, sai gaban ya tsage ya rufta gaba ɗaya, kamar katangar da damina ta jiƙa.

A jikin tsagar nan muka ga farin ƙyalle. Wani tsohon soja ne da aka binne bayan Sallah. Ƙafafunsa a cikin likkafani sun fito fili, suna rataye a kan ruwa. Ba wanda ya motsa. Muna kallo wani raƙumin ya zo, da ya koma babu shi.

Maza suka juya ga Malam Aisami. Wani ya ce, "Malam, a tona? Malam, ya halatta a tona?" Tsohon yana tsaye yana jan tasbaha. Sai da aka maimaita ya ce, "Lalura ce. Ku tona. Allah ya yafe mana, ku tona."

Aka kawo hauya da ƙore da duk abin da hannu ya samu. Amma tona ina? Mu ba ma rubuta suna a kabari. Tsingaro ne, ko guntun itace, ko dutse, kuma feshin ruwa da sawun masu gudu sun watsar da su duka. Kowa yana haƙa inda zuciyarsa ta ce masa. Ana cikin haka kwakwar Illa ta karkata a hankali, ta faɗi, ruwa ya ja ta da saiwarta.

Ban ga shigowar Yakura ba. Sai dai na gan ta a tsakiyar maza, kanta ba ɗankwali, a durƙushe, tana haƙa da hannu biyu tana cewa, "Nan ne, gabas da kwakwa kaɗan, nan ne." Amma kwakwar babu, ramin saiwarta ma babu. Na durƙusa kusa da ita ina ture yashin da take fitarwa. Hannunta ya taɓa ƙashi. Ta shimfiɗa mayafinta ta soma jerawa a kai, a hankali, tana goge kowanne da tafin hannu. Ban taɓa taɓa ƙashin mutum ba sai ranar. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Wannan rashin nauyin ne har yau bai bar hannuna ba.

Ta ƙulle mayafin za ta tashi, sai wani ɗan dako, babban mutum mai gemu, ya riƙe gefensa yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Inna, wurin wana ne nan. Ni na sa shi da hannuna. Inna, wana ne."

Ta ce, "Sakar mini. Shekara nawa ina share nan?"

"Wallahi, Inna, naku yana can gaba, inda ya rufta."

Suka tsaya haka, kowa riƙe da gefe ɗaya, ruwa yana zuwa har idon sawunsu yana komawa. Yakura ta dubi ƙullin, ta dubi inda ya nuna, ta dubi inda take zaton kwakwa ta tsaya. Na ga lokacin da ta gane ba ta sani ba. Fuskarta ba ta yi komai ba, hannunta ne kawai ya buɗe. Ta ce, "Ɗauka. In naka ne, ka samu. In nawa ne, ka yi masa addu'a."

Ta juya za ta sake haƙa, ba ta samu wurin durƙusawa ba. Inda muka tona ya zama ruwa. Ni da Malam Aisami muka kama ta muka ja da baya, ba ta yi gardama ba.

Kafin azahar teku ta yanka tudun biyu ta haɗu da tabki. Rijiyar Illa ta cika da ruwan gishiri, katakon masallaci ya koma inda ya fito. Rai bai salwanta ba, don da rana ne, kowa ya fita da abin da ya iya ɗauka. Ƙasusuwan da aka tsirar aka haɗa su a rami ɗaya a maƙabartar Zango, Malam ya yi musu addu'a a dunƙule. Mutanen unguwa suka watse, wasu Zango, wasu Ikko, wasu suka bi jirgi. Iyakar Tudun Mangawa ke nan. Bai kai shekarun mutum ɗaya ba.

Yakura ta koma lungun nan na kusa da turken awaki, ba ta ci, ba ta magana. Da aka ce hanya ta buɗe, na je na tsuguna na ce, "Inna, jibi zan tafi gida. Mu tafi tare." Ba ta dube ni ba. Amma ranar tafiya na same ta a tashar jirgin ƙasa da ɗan ƙullinta a ka. Muka bi jirgi har inda ƙarfe ya ƙare, muka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Yamai, daga can Damagaram, daga Damagaram Gure. Duk tsawon hanyar abin da na ji daga bakinta bai wuce "to" da "na ƙoshi" ba.

Ba ta sauka ko'ina ba sai gidan dangin mijinta. Wan Illa, Abarshi, yana da rai, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo. Muka same shi a bakin garkarsa a kwari, a inuwar dabino, ɗansa Mamadu yana ban ruwa. Labarin rasuwar Illa ya daɗe da zuwa musu ta bakin fatake. Yakura ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka yi wa mamaci addu'a. Sannan tsohon ya ce, "Baiwar Allah, mun ji kin riƙe amana, kin ƙi baro shi. Allah ya saka miki. An dai yi masa kushewa mai kyau? A tudu?"

Ta ce, "A tudu, Yaya."

"Madalla."

Sannan ta ce, "Ruwa ya ci wurin."

"Ruwa? A tudu?" Ya juyo wajen da ya ji numfashina. "Jikan Barmo, kai da ka sha lakwal, wane irin ruwa ne ke hawa tudu?"

Na ce, "Baba, teku ce. Ruwa ne wanda ba a ganin ƙarshensa, ba shi da ƙetare."

Ya gyaɗa kai kamar na faɗi abin da ya sani. Ya ce, "Irin tabkin Cadi ke nan. Na je Cadi da ƙuruciya sayen kifi, shi ma ba ka ganin ƙetarensa. Yakan cika ya kori mutane, yakan janye har a shuka wake a cikinsa. To, ba komai, baiwar Allah, kada ki sa wa ranki damuwa. Bari rani ya yi. In ya ƙafe, sai in tashi Mamadu da hauya, ki nuna masa wurin, ya tayar da ƙasa, ya sa ƙaya saboda kuraye. Ɗan uwana ba zai kwanta a banza ba ina da rai."

Na buɗe baki. Yakura ta ɗago kai ta dube ni, sau ɗaya, na rufe.

Ta ce, "To, Yaya."

Da muka hau tudu za mu shiga gari, ta tsaya ta huta, ta ce mini ba tare da ta juyo ba, "Hamidu, kada ka faɗa masa. Ni na gani, ya isa. Shi a bar shi da kabarin."

Na riƙe maganarta. Amma sanyi ya soma wucewa, an gama ɗibar wake, kuma tsohon bai manta ba. Ya sa an kai hauya maƙera an yi mata baki. Jiya da aka tashi yara, na fito na tarar da Mamadu a ƙofar lakwal, ya cire takalmi, yana jira. Ya ce Baba ne ya aiko shi, wai in faɗa masa a wane wata ruwan can yake janyewa, don a san lokacin da za a daka guzuri.

Na ce masa ya dawo gobe.